Ina Rabon Tsohuwa A Wasan Kwaikwayo?

Yau zancenmu a kan masu wasan kwaikwayo ne, da abin da yakan same su idan girma ya zo.

Mu a nan Katsina ba baƙi ba ne a wannan fage. Alhaji Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, shi ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna, kamfanin NNPC na Zariya ya buga shi a 1979. Wasa ne a kan 'yar makaranta da wani mai kuɗi ya ruɗa da abin duniya, daga baya har aka mai da shi fim. Kafin shi akwai Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Ku duba sunayen nan da kyau, duk maza ne.

To, shi marubuci yana da gata guda. Ko ya tsufa, ko ya bar duniya, littafinsa na nan a hannun ɗalibai da sunansa a bango. Ita kuwa mai fitowa a wasa, ranar da aka yi aiki ranar ake sallamarta, shi ke nan. A shekarar 2022 Hajiya Ladin Cima, watau Tambaya, wadda ta soma wasa tun zamanin wasannin talabijin na Kano, ta shaida wa sashen Hausa na BBC cewa akan sallame ta da naira 2,000 ko 5,000 a fim. Aka yi ta ka-ce-na-ce, waɗansu masu shirya fim suka ce su sun biya ta fiye da haka. Ni dai ba lissafin ne ya fi damuna ba.

Abin da ya dame ni shi ne irin rawar da ake rubuta wa tsohuwa. Ku lura da finafinan da kuke kallo. Uwa ce zaune bisa tabarma, ɗanta ya shigo ya durƙusa, ta ce Allah ya yi maka albarka, ta ɓace sai ranar biki. In ba haka ba, to muguwar suruka ce mai bin bokaye. Wadda aka ba fitowa biyu kuwa, ai kuɗin fitowa biyu za ta karɓa, ko da ta shekara 40 tana sana'ar. Ashe ke nan tun daga alƙalamin marubuci aka rage mata abinci.

Alhali kuwa a gidajenmu wa ya kai tsohuwa labari? Ita ce ungozoma, ita ce uwar adashi, ita ke bikon yarinyar da ta yi yaji, ita ta san asirin kowane ɗaki a gidan. Akwai wadda ta aurar da 'ya'ya tara, yau tana sayar da ƙuli-ƙuli a zaure don kada ta roƙi kowa. Wannan ba ta isa a gina wasa sukutum a kanta ba?

Namiji bai zauna tsakar gida ya ji waɗannan ba, mu muka ji. Kuma ba a ce mata ba su iya rubutu ba: ga Balaraba Ramat Yakubu a Kano, ga Bilkisu Funtuwa a jiharmu, sun cika kasuwa da littattafan labari. Kwaikwayo ma mun iya shi tun muna yara, daga wasan 'yartsana har zuwa tashe da azumi. Rubuta shi ne kawai muka bar wa maza.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana malaman makaranta musamman. Idan shugabar makaranta ta ce a shirya wasa don ranar ba da kyaututtuka, kada a sake ɗauko na bara. Ki sami littafin rubutu na kwabo nawa, ki zauna da kakarki ko gwaggonki dare uku, ki rubuta fitowa biyar wadda tsohuwa ce ke riƙe da ita daga farko har ƙarshe. Ki rubuta sunanki da shekara a shafin farko, ki kuma ajiye kwafe guda a akwatinki.