Nuna da Yatsa, Faɗi da Baki: Darasi daga Direbobin Jirgin Ƙasan Japan

Duk wanda ya shiga jirgin ƙasa a Japan zai ga wani abu mai kama da wasa. Direba sanye da farar safar hannu zai miƙa yatsa zuwa fitilar hanya, ya faɗi abin da ya gani da babbar murya, alhali babu kowa kusa da shi. Kansa yake tunasarwa. Japanawa na kiran wannan al'ada shisa kanko, wato nunawa da furtawa.

Aikin da mutum ya maimaita sau dubu, hannu ne ke yinsa, hankali kuwa ya tafi yawo. Amma idan ido da yatsa da baki da kunne suka taru a kan abu ɗaya, dole hankali ya dawo. Wani gwaji da cibiyar binciken fasahar jiragen ƙasa ta Japan ta yi a 1994 ya nuna kuskure ya ragu da kusan kashi 85 cikin 100. A birnin New York na Amurka ma, tun 1996 kwandastan jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya buɗe ƙofa sai ya nuna wani allo mai ratsin baƙi da fari, shaidar cewa jirgin ya tsaya daidai.

Mu mazauna ƙetare muna cikin masu buƙatar wannan dabara. Da yawanmu na haɗa karatu da aikin dare, cikin harshen da ba namu ba, ga tunanin gida da kuɗin da ake jira. Kuskure ɗaya na iya raba mutum da aikinsa, wani ma takardar zamansa da aikin take rataye.

Ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki a Ingila. Kafin in ba da magani nakan ɗora yatsa a kan takarda, in ce ƙasa-ƙasa: "Suna, magani, adadi, lokaci." Da Hausa nake faɗa, domin ƙarfe uku na dare ita ta fi saurin farkar da ni.

Don karatu kuma ina bin dabarar da masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya bayyana a 1999: ka ɗaure niyyarka da wani lokaci takamaimai. "Zan dage" ba ta kai mutum ko'ina. "Da na zauna gaban kwamfuta, waya ta shiga jaka" ita ce ke aiki, don an riga an yanke shawara tun kafin gajiya ta zo.

Kada ka tara kalmomi da yawa. Duba inda kuskure zai fi yi maka tsada a aikinka, ka zaɓa masa kalma uku ko huɗu, ka riƙe su kullum. In abokan aiki sun ga kana magana kai kaɗai, bar su su yi dariya. Rigakafi ya fi magani.