Kasuwa da Abincin Matafiyi a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, cin abinci a bainar jama'a ba abin yabo ba ne. Magidancin da aka gani tsugune a gaban mai waina a cikin garinsu, akan ɗauka ko dai gidansa ba lafiya, ko kuwa shi ne ya rasa kunya. Malaman fiƙihu ma sun lissafa cin abinci a kasuwa, ga wanda ba ɗan kasuwa ba, cikin abubuwan da kan rage mutuncin mai ba da shaida. Duk da wannan tsanani, akwai mutum guda da al'ada ta ɗauke wa nauyin nan, wato matafiyi, domin an san ya baro murhun gidansu a baya, kuma da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa sassaucin da aka yi wa matafiyi ya haifar da wani tsari mai zaman kansa na ciyar da baƙo, wanda ke da lokutansa da ƙa'idojinsa da kalmominsa. Za a duba yadda tsarin ya faro tun zamanin fatake, da yadda ya koma tashoshin mota, da kuma abin da baƙo mai lura kan koya game da gari idan ya ratsa kasuwarsa.

2.0 Kasuwa da Ranakunta

Kasuwannin ƙasar Hausa iri biyu ne. Akwai na birane masu ci kullum, kamar Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda tarihi ya nuna Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) ne ya kafa ta. Akwai kuma na ƙauyuka da ƙananan garuruwa masu ci mako-mako. Kasuwar Wudil tana ci ranar Juma'a, ta Maigatari ranar Alhamis, ta Ɗambatta da ta Jibiya da ta Illela kuwa ranar Lahadi. Akwai garuruwan da ranar kasuwa ta shiga cikin sunansu, kamar Talatar Mafara da Lahadin Makole da Larabar Abasawa.

Wannan rabon ranaku yana da muhimmanci ga matafiyi. Garin da ya tarar shiru ranar Talata, ba mai tuya ba mai gashi, shi ne zai tarar ba masaka tsinke ranar kasuwarsa. Masu abinci da yawa su ma matafiya ne, suna bin kasuwanni da kaskonsu da tandarsu, yau nan gobe can. Saboda haka tambayar farko da gogaggen matafiyi kan yi kafin ya kama hanya ita ce: wace kasuwa ce ke ci yau?

3.0 Guzuri da Zango a Zamanin Fatake

Kafin zuwan jirgin ƙasa da mota, fatake kan yi watanni a kan hanyar Gwanja. Sukan tafi da kanwa da tufafi da kayan fata, su komo da goro daga kasuwanni irin su Salaga. Madugu ne shugaban ayari, jagaba kuma na gaba. Tafiya irin wannan ba ta yiwuwa sai an tanadi abin da za a ci, kuma an bi hanya biyu wajen tanadinsa.

Hanya ta farko ita ce guzuri, wato abincin da ba ya saurin lalacewa, kamar kilishi da dakuwa da ƙuli-ƙuli da nakiya da garin gero. Kilishi kyakkyawan misali ne na hikimar da ke cikin guzuri. Akan yanyana nama falle-falle, a shanya shi a rana ya bushe, a tsoma shi cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a gasa. Da yake an raba shi da ruwa, yakan daɗe bai ɓaci ba, ga shi kuma ba nauyi.

Hanya ta biyu ita ce zango, wurin da ayari kan sauka a bayan gari. Da zarar an sauke kaya, matan garin sukan fito da fura da tuwo da dafaffen wake, nan take wata 'yar kasuwa ta tashi. A manyan garuruwa kuwa akwai fatoma, wato mai masauki, wanda kan ba baƙo ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Ladan fatoma yana cikin la'adar cinikin da aka ƙulla a gidansa. Ke nan tun asali ciyar da baƙo da cinikayya a haɗe suke, kuma amana ce igiyar da ta ɗaure su.

Baturen nan na Birtaniya, Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya bar bayanin da ke tabbatar da haka. Ya ambaci masu gashin nama kusa da mahauta, sun kewaye wuta da tsinkaye, an jera tsoka da kitse a kowane tsinke, masu saye na tsugune suna ci. Duk wanda ya san tukubar mai tsire zai gane abin da ya gani. Ya kuma bayyana cewa akan rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin tufafi, ta yadda idan an kai kaya wata ƙasa mai nisa aka tarar da algus, sai a komo da su a mayar wa mai saye kuɗinsa. Kasuwar da ke rayuwa da baƙi ta san cewa cutar baƙo guda na iya korar ayari guda.

4.0 Lokutan Abincin Kasuwa

Abincin kasuwa yana tafiya da rana, kuma kowane iri da lokacinsa. Da asuba zuwa hantsi, koko da ƙosai da waina da ɗanwake ne ke ci, tare da teburin mai shayi. Da rana ta take, sai hankali ya koma wajen matan Fulani da ke jere a inuwa da ƙorensu. Mai saye yakan zaɓi furarsa, a dama masa da kindirmo ko tsala, ya sha da ludayi. A lokacin ne kuma 'yan tuwo-tuwo da masu shinkafa da wake ke buɗe tukwane. Da la'asar sakaliya mahauta kan hura wuta, ƙanshin tsire da balangu ya cika wuri, su kai har dare.

Sanin wannan tsari kariya ce ga baƙo. Ƙosan da aka gani a faranti da azahar, mai yiwuwa ne tun safe aka soya shi. Tsiren da aka tarar da sassafe kuwa, sai a tambaya ko kwanan tukuba ya yi. Abin da aka sauke daga wuta a gaban mai saye ya fi aminci, haka nan rumfar da 'yan gari da direbobi suka yi wa dafifi, domin su ne suka san wadda ba ta taɓa ɓata musu ciki ba. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.

5.0 Abin da Kasuwa ke Faɗa Game da Gari

Faifan mai talla yakan nuna abin da ƙasar wuri ke bayarwa. Wanda ya tsaya a Wudil ko Yawuri zai ga kifi, ya san yana bakin kogi. A yankin Kura da Kadawa zai ga shinkafa da tumatir, albarkacin noman rani da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. A yankin Maƙarfi na ƙasar Zazzau zai tarar da rake da mazarƙwaila. A Maigatari kuwa, raƙuma da kanwa da dabino da cuku za su shaida masa cewa yana bakin iyakar Nijar. Gurasa, wadda ake gasawa a tanderu, ta zama tambarin birnin Kano, kamar yadda Madawa ta Nijar ta yi suna wajen kilishi.

Harshe ma yakan canza tare da abincin. Abin da Bakano ke kira waina, a Bauchi da Sakkwato masa ake ce masa. Lissafin kuɗi kuwa ya fi rikitar da baƙo. A Nijeriya an bar fam da sule an koma naira a 1973, amma sisi da taro da kwabo sun zauna daram a cikin maganganun yau da kullum. Wanda ya ƙetare daga Jibiya zuwa Maraɗi zai ji ana lissafi da dala, kowace dala kuwa tamma biyar ce ta kuɗin sefa. Idan mai ƙosai ta ce dala ashirin, abin da take nufi shi ne kuɗin da aka rubuta 100 a jikinsa.

Akwai kuma ladabin ciniki. Mai saye yakan fara da sallama da gaisuwa, sannan ya taya. Idan tayin bai kai ba, mai kaya ba ya cewa a'a, sai dai ya ce albarka. Idan ya yarda ya ce ya sallama, mai saye kuma ya nemi gyara. Sai dai dafaffen abinci ba a cika tayinsa ba. Mutum yakan faɗi na nawa yake so ne, a zuba masa. Mai tsire yakan yanko ɗanɗano ya miƙa, kuma baƙon da ya karɓa ya wuce bai saya ba ya nuna rashin sanin ya kamata. Wanda ya kira mai tuwo Iya ko Hajiya, ya tambaye ta kasuwa, ba a cika barinsa ya tashi ba gyara ba.

6.0 Daga Zango Zuwa Tasha

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da shimfiɗa hanyoyin mota daga baya, sun kawo ƙarshen manyan ayarin jakuna. Amma tsarin ciyar da matafiyi bai mutu ba, wuri kawai ya canza. Tasha ta gaji zango, direba ya gaji madugu wajen zaɓar inda za a tsaya a ci, a yi salla. Wurare irin su Kwanar Ɗangora da Tashar Yari a kan hanyar Kano zuwa Zariya sun bunƙasa ne saboda tsayawar motoci.

Tsarin ya kuma bi Hausawa zuwa ƙasashen da suka yi zango. A Gana, unguwannin baƙi na Kumasi da Ankara har yanzu zango ake kiransu, kuma mutanen ƙasar suna sayen koko da ƙosai da tuwon zafi da sunayensu na Hausa, ko da lafazi ya ɗan karkace. Shinkafa da waken da suke ji da shi ma daga kalmar wake ya samo sunansa. A kudancin Nijeriya da Kamaru, kalmar suya ce ta zama sunan tsire. A Sudan kuwa ana sayar da agashe, wanda Hausawa mazauna can suka shahara da shi. Mutane da yawa da ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba, kalmar Hausa ta farko da ta shiga bakinsu a gaban tukuba suka koye ta.

7.0 Matsalolin da ke Tattare da Tsarin

Ba daidai ba ne a yi ta yabo a rufe ido ga illa. Matsala ta farko ita ce tsabta. Ƙuda da ƙura da ruwan wanke-wanke guda da ake tsoma kwanuka tun safe suna yaɗa cututtuka irin su kwalara da taifot, musamman da damina. Leda kuma, wadda ta maye gurbin ganye da ƙwarya, tana toshe magudanan ruwa, dabbobi su ci ta su mutu.

Matsala ta biyu ta shafi masu tallan kansu. Yawancin abincin da ake miƙo wa matafiyi ta tagar mota, matan aure ne ke dafa shi a cikin gida, 'ya'yansu mata su kai tasha. Da ribar ne uwa ke tara wa 'yarta kayan ɗaki. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a 1976 ake ja-in-ja tsakanin aji da faifan talla, ban da haɗarin mota da na miyagun mutane da yarinya ke fuskanta a bakin titi. Hana talla kawai ba zai wadatar ba, matuƙar ba a samar wa uwar wata hanyar fitar da sana'arta ba.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa al'adar da ta hana ɗan gari ci a kasuwa ita ce ta yi wa baƙo tanadi a cikinta, kuma tanadin ya ɗore daga zangon fatake har zuwa tashar mota. Sai dai kalmomin wannan fage suna ɓacewa tare da masu su. Matasa da yawa a yau ba su san fatoma ko jagaba ba, wasu ma suna cin kilishi ba su taɓa jin kalmar labu ba. Aiki ne a kan ɗaliban Hausa, waɗanda ke ratsa kasuwannin nan duk lokacin da za su tafi hutu, su tsaya wurin tsofaffin mahauta da masu tuya da Sarkin Kasuwa, su rubuta sunayen kayan aiki da ma'aunai da kirarin talla na kowane yanki tun masu saninsu na da rai. Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma ga wanda ya sauko daga mota ya yi tambaya.