Elena Mukhina: Yarinyar da Ba a Bari Ƙafarta ta Warke Ba

A cikin wasannin motsa jiki akwai wani wanda 'yan mata ke yi a kan katako siriri mai faɗin santimita 10 kawai, da sandunan lilo biyu, da shimfiɗar ƙasa inda ake tsalle da alkafura. Mutanen Rasha sun daɗe suna gwanintarsa. Yau za mu ba ku labarin ɗaya daga cikin 'yan matansu.

An haifi Elena Mukhina a Mosko a 1960. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, kakarta ce ta rene ta. Da fari ba wanda ya kula da ita, sai da ta shiga hannun wani malami, Mikhail Klimenko, wanda dā maza yake koyarwa. Ya koya mata juye-juye masu wuya irin na maza. A 1977, a gasar Turai a birnin Prague, ta ci lambar zinariya uku. A 1978, a Strasbourg ta ƙasar Faransa, ta zama zakarar duniya, ta wuce har Nadia Comaneci ta Romaniya, wadda duniya duka ke yabo. Shekarunta 18.

A 1979 ta karye a ƙafa. Ga shi kuwa wasannin Olamfik na 1980 a Mosko za a yi su, a gida, manyan ƙasa suna son zinariya. Aka cire mata filasta tun ƙashin bai kama ba, aka mai da ita aiki. Ta ce musu ba ta warke ba, ba a ji ta ba. Mu da muke tsayawa gaban yara a aji mun san wannan jaraba, ta tura yaro mai ƙwazo domin sunanmu ya fita. Yakubu dai ya ƙi ya kora garkensa da 'ya'yansa da sauri, ya gaya wa Isuwa zai bi a hankali gwargwadon ƙarfin yara.

Aka sa ta koyon wata alkafura mai haɗari da ake kira da sunan Kurt Thomas na Amurka, wadda mutum ke sauka da kai gaba ya mirgina. Ran 3 ga Yuli 1980, a Minsk, saura mako biyu a buɗe Olamfik, ta sauka a kan haɓarta, wuyanta ya karye. Hannu da ƙafa suka shanye. Hukumomin Sobiyet suka ɓoye girman abin.

Daga baya ta faɗa wa 'yan jarida cewa tana kwance a ƙasa, tunanin da ya fara zo mata shi ne godiya ga Allah, da yake ba za ta je Olamfik ba.

Kakar nan tata ta koma jinyarta. Elena ta yi shekara 26 ba ta iya motsa jikinta, ta rasu ran 22 ga Disamba 2006. An hana mata yin wannan alkafura a gasa.