Lambu: yadda ake kare dashe daga sanyi a rumfar leda

Daga tsakiyar watan Disamba zuwa ƙarshen Janairu, masu garka a jihohin Maradi, Damagaram da Tawa kan yi fama da matsala guda: irin tumatir da tattasai ya ƙi tsirowa, ko ya tsiro ya tsaya cak. Da asuba ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 a waɗannan yankuna, a duwatsun Ayar na jihar Agadas kuwa yakan kusanci sifili. Wannan ne ya sa wasu manoman rani ke gina rumfar leda don renon dashe. Sai dai leda kaɗai ba ta isa ba.

Da rana leda na tara zafi sosai. Da dare kuwa, idan sama ta yi garau, ƙasa na sakin ɗumin da ta sha, kuma leda mai falle ɗaya ba ta riƙe shi. Kafin fitowar rana, cikin rumfar kan yi sanyi kusan daidai da waje. Irin tumatir na son digiri 20 zuwa 30 don ya tsiro, kuma ƙasa da digiri 10 girmansa na tsayawa. Tattasai da tonka sun fi shi ƙin sanyi, yayin da albasa, salati da shu ke jurewa. Tun da dashen tumatir na ɗaukar kusan wata guda a wurin reno, wanda ya rasa shi ya yi asarar kuɗin iri, ya kuma tura girbinsa cikin zafin bazara, lokacin da fure ke zubewa.

Dabarar ita ce a adana zafin rana, a hana shi gudu da dare. A rufe rumfar tun da la'asar, kafin ɗumin ya fice. A jera jarkoki masu baƙin launi cike da ruwa inda rana ke dukansu, domin ruwa na riƙe zafi fiye da busasshiyar ƙasa ninki huɗu, yana kuma sakinsa a hankali cikin dare. Sannan a yi wa dashen rufi na biyu da buhu ko tabarma, a ɗora bisa ƴan sanduna don kada ya taɓa ganye. A nisantar da tsirrai daga jikin leda, nan ne sanyi ya fi tsanani. Zana ta kara a ɓangaren arewa maso gabas na tare iskar hunturu.

Ban ruwa da safe ya fi. Ƙasa mai laima na riƙe ɗumi, amma ganyen da ya kwana a jiƙe na jawo cutar da ke ruɓar da ƙananan tsirrai daga gindi. Inda sanyi ya yi tsanani, ana iya binne ɗanyen taki da ciyawa a ƙarƙashin fangali, a rufe da ƙasa mai kaurin taƙi guda: ruɓewarsa na ba da ɗumi. Da kashin doki masu lambun birnin Paris suka riƙa yin haka a ƙarni na 19.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Kada a kunna gawayi a rufaffiyar rumfa, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum. Sannan da hantsi a yaye rufin, a buɗe ƙofa, a goge ƙurar da ta kwanta a kan leda. Rumfar da aka bari a rufe har azahar na iya ƙona dashen da ya tsira daga sanyin dare.