Idan Masu Awo Suka Shigo Garinku

Wata rana za ka ga farar Hilux ta tsaya a ƙofar gidan dagaci. Mutum huɗu ko biyar su sauko, wani riƙe da kwalabe yana tambayar inda rijiya take, wani yana ɗibar ƙasa yana zubawa a leda, wata kuma da takardun tambayoyi tana neman a shigar da ita wurin mata. Nan da nan labari ya bazu cewa 'yan gwamnati sun zo. Galibi ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Kamfanin ƙwararru ne da wata ma'aikata ko hukuma ta ɗauko domin ya auna abin da aikinta, titi ne ko dam ko layin dogo, zai jawo wa ƙasa da ruwa da mutanen wurin.

Doka ce ta tilasta wannan awo. Bayan da aka gano sharar guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli, sannan a 1992 ta fito da doka mai lamba 86, wadda ta hana fara babban aiki sai an nazarci illarsa. Yau Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke duba rahoton, ta ba da izini ko ta hana.

Yana da kyau mu san yadda kamfanonin nan ke tafiyar da aikinsu, don a nan ne ake barinmu a baya. Hukuma ta rubuta sharuɗɗa, kamfanoni su nema, wanda ya ci ya naɗa jagoran aiki. Shi jagoran ba lallai ya kwana a garinku ba. Yana iya zama a Abuja ko Kaduna da ayyuka biyu ko uku a hannunsa. A ƙarƙashinsa akwai masanin ƙasa, masanin ruwa, na tsirrai da dabbobi, da na zamantakewar jama'a, da yawansu malaman jami'a ne da aka ɗauka na 'yan makonni. Can ƙasa kuma sai matasan da aka yi wa horon kwana ɗaya ko biyu, su ne masu bin gida-gida. Kuɗin kwangilar kashi-kashi yake fita, sai an miƙa rahoto ake biya. Shi ya sa kowa sauri yake yi. Kuma kar a manta, mai aikin ne ke biyan mai awon. Ban ce duk maha'inta ne ba, akwai masu amana a cikinsu sosai. Amma mutumin da ya yi kwana uku a gari ba zai san abin da ba a faɗa masa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗauki misalin lokaci. A manyan ayyuka ana so a yi awo da damina, a sake da rani. In da rani kaɗai suka zo, fadamar da ke ciyar da rabin gari za su gan ta busasshen fili, burtali kuma su gan shi wayam, domin makiyaya sun yi kudu. Sai an ja hannunsu an nuna: nan mashaya ce, nan tsohuwar maƙabarta, nan ruwa ke bi in ya yi yawa.

Sai batun diyya, inda aka fi kuka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, don haka abin da aka fi biya shi ne abin da ke kan ƙasar: gini, amfanin gona, itatuwa. To, ranar ƙidaya ka tsaya a gonarka da kanka. A ƙirga kowace ɗorawa, kowace tsamiya da mangwaro a gabanka, ka ɗauki hoton takardar da wayarka. Kada ka dangwala yatsa a kan takardar da ba a cike ba. Wanda ke noma gonar aro ko haya ko jingina shi ma ya sa a rubuta sunansa, haka nan matar da ta gaji gona. Akwai ranar da ake rufe ƙidaya. Wanda ya yi sauri ya kafa gini bayanta don a biya shi, asara kawai ya yi.

In an gama rubuta rahoto, ana baje shi na kwana 21 na aiki, yawanci a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, a kuma sanar a jarida da rediyo. Littafi ne jibgege da Turanci, sau da yawa ya gama kwanakinsa ba wanda ya buɗe. Ku samu malamin makaranta ko ɗan gari mai ilimi ya karanta muku, ku rubuta ƙorafinku, ku riƙe kwafi. Maganar da aka yi a gindin bishiya ba ta isa Abuja.

Mun ga abin da rashin irin wannan awo ya haifar. A wurin dam ɗin Bakolori, kusa da Talata Mafara, rikicin gonaki da diyya ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a 1980, aka rasa rayuka da dama. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 ya canja yadda ruwa ke sauka zuwa Haɗeja da Nguru, har yau ana fama da kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa. Duka biyun an gina su kafin dokar 1992. Yanzu ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ga bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kano mai tsawon kilomita 614. Ayyukan da Bankin Duniya ke sa wa kuɗi ma sukan kafa kwamitin karɓar koke tun daga matakin gari. Kafin motar ta tashi, ku tambayi sunan kamfanin, hukumar da ta turo shi, da wanda za a kai wa kuka, a rubuta a ajiye wurin mai unguwa.