CIWON SORIYASIS DA GARKUWAR JIKI: INDA BINCIKEN LIKITOCIN FATA YA KAI

Daga cikin ciwace-ciwacen da ke kai mutane asibiti, da wuya a sami wanda ke jawo wa mai shi tsangwama kamar ciwon fata. Mai ciwon ciki yana iya rufa wa kansa asiri, amma wanda fatarsa ta yi ɓawo ba shi da wurin ɓuya, domin ko hannu ya miƙa don gaisawa sai ya ga ana ɗari-ɗari da shi. Akwai wani ciwo irin wannan da likitoci ke kira soriyasis, wanda a ƙasar Hausa akan cuɗe shi da kirci ko ƙyasfi, wani lokaci ma har a zarge shi da kuturta. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ko ta halin ƙaƙa, amma jahilcin hakan yana iya raba mai shi da abokan cin tuwo, har ma da abokiyar zama.

Alamarsa ita ce tabo-tabo masu kauri da ke fitowa a gwiwar hannu da ta ƙafa da fatar kai da ƙugu, suna zubar da ɓawo fari-fari. Dalilin kuwa shi ne, fatar mai lafiya takan ɗauki kimanin wata guda kafin ta sabunta kanta, amma a wurin da ciwon ya kama sai ta yi wannan aiki cikin kwana uku ko huɗu, watau sabuwar fata ta riƙa tulowa tun tsohuwar ba ta gama zuba ba. Sanyi da bushewar iska irin na hunturu suna tayar da shi, haka nan damuwa da shan taba da barasa da wasu magunguna, ciki har da kulorokwin. Wasu masu ciwon, waɗanda ƙiyasi ya kai su kusan kashi 30 cikin ɗari, sukan haɗu da kumburin gaɓoɓi. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, ta ce aƙalla mutum miliyan 100 ne ke fama da shi a duniya.

Turawa ma sun shafe ɗaruruwan shekaru suna rikita shi da kuturta. Wani likitan Ingila, Robert Willan, shi ne ya siffanta shi dalla-dalla a 1808, sa'an nan a 1841 Ferdinand von Hebra na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya ya raba shi da kuturta baki ɗaya. Daga nan aka shiga lalube. A 1925 likita William Goeckerman na Amurka ya haɗa shafa kwalta da gasa fata da wani irin hasken fitila, aka kuwa ga sauƙi. A 1974 likitocin Jami'ar Harvard suka gwada ba da wani sinadari da ake samu a cikin tsirrai kafin a haska fatar, sinadarin da Misirawa suka daɗe suna amfani da irinsa wajen maganin ciwon da ke sa fata ta yi fari. Duk wannan lokaci zaton masana shi ne laifin na fatar ne ita kaɗai.

A 1979 ne al'amarin ya juya, kuma ba da niyya ba. Wasu likitoci biyu a ƙasar Suwizalan suna gwada wani sabon magani mai suna saikulosforin a kan masu ciwon gaɓoɓi, sai suka lura cewa waɗanda ke da soriyasis daga cikinsu fatarsu ta washe cikin 'yan kwanaki. To, shi wannan magani aikinsa danne garkuwar jiki, don haka ne ma ake bai wa wanda aka yi wa dashen ƙoda domin kada jikinsa ya ƙi ta. Tun da danne garkuwa ya kwantar da ciwon, ashe ke nan garkuwar ce ke hura wutarsa. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa wasu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu yaƙi da cuta, su ne ke rikicewa su riƙa aika wa fata saƙon gaggawa alhali babu wani abokin gaba.

Wannan fahimta ce ta haifar da sababbin allurai masu tare saƙon tun bai isa ba. An amince da ɗaya a Amurka a 2004, wata a 2009, wata kuma a 2015, kowace ta fi ta gabanta saiti. Kafin a amince da irin wannan magani sai an raba masu ciwo gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a bai wa kashi ɗaya maganin gaske, ɗaya kashin kuma a ba shi na bogi ko tsohon magani, ba tare da likita ko majinyaci ya san wanda ya samu wane ba. Ma'aunin da ake amfani da shi wasu likitoci biyu ne na Suwidin suka tsara shi a 1978, yana duba faɗin wurin da ciwon ya ci da kaurinsa da yawan ɓawonsa da kuma jan da ya yi. A da, in ciwo ya ragu da kashi 75 cikin ɗari sai a ce magani ya ci jarrabawa. Yanzu kuwa ana maganar kashi 90, har ma da ɗari bisa ɗari.

Sai dai akwai wani gyara a nan da ya shafi baƙar fata. Ja da ma'aunin ke nema ba ya bayyana sosai a jikin baƙin mutum, domin tabon nasa yakan yi duhu ne ko toka-toka. Likitan da ya koyi aiki da hotunan farar fata yana iya raina ciwon ko ya ba shi wani suna. Bugu da ƙari, mafi yawan waɗanda aka yi manyan gwaje-gwajen a kansu Turawa ne. Rahotannin asibitoci sun nuna ciwon bai yi yawa a Afirka ta Yamma kamar a Afirka ta Gabas ba, amma inda likitocin fata suka yi ƙaranci, ƙarancin rahoto ba ya zama hujjar ƙarancin ciwo.

Kuma duk maganin da ya taɓa garkuwar jiki yana da nasa haraji. A 2001 aka buga rahoton mutum 70 da tarin fuka ya tashi a jikinsu bayan an yi musu ɗaya daga cikin alluran farko na wannan aji, saboda ƙwayar tarin takan kwanta a huhu shekara da shekaru, garkuwa ce ke tsare da ita. Shi ya sa ƙa'ida ta zama sai an gwada mutum kafin a fara masa, kuma wannan ƙa'ida ta fi nauyi a Nijeriya, wadda ke cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa. A 2009 kuma aka janye wata allura mai suna Raptiva daga kasuwa, bayan an tabbatar wasu masu amfani da ita sun kamu da wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa. Ga kuma tsada, wadda ta sa a ƙasashe masu tasowa har yanzu tsohuwar ƙwayar nan metotireset ce abin dogaro, ita ma sai ana duba hanta a kai a kai, kuma haramun ce ga mai juna biyu.

Ta ɗaya gefen, akwai waɗanda garkuwarsu ta riga ta raunana, kamar masu ƙanjamau da masu shan maganin daji da waɗanda aka yi wa dashe. A wurin waɗannan, fata ce takan fara kai ƙara. Abin mamaki shi ne, ƙanjamau da ke karya garkuwa maimakon ya kwantar da soriyasis sai ya ƙara masa ƙarfi, kuma har yau masana na ja-in-ja kan cikakken dalili. Abin da aka tabbatar shi ne, da zarar an ɗora mutum kan maganin ƙanjamau sau da yawa fatar takan lafa.

Ciwon da ya fi shahara a wannan fage shi ne dajin Kaposi, wanda ya samo sunansa daga Moritz Kaposi, almajirin Hebra kuma surukinsa, da ya siffanta shi a 1872. Yakan fito da tabo ko ƙulli mai duhu, galibi a ƙafa ko a dasashi, tare da kumburi. An san shi a Yuganda da Kwango tun kafin zuwan ƙanjamau. A watan Yuli na 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin maza 26 da suka kamu da shi a New York da Kalifoniya, kuma wannan na cikin alamun farko da suka fallasa annobar. A 1994 Yuan Chang da mijinta Patrick Moore na Jami'ar Columbia suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa shi, wadda mutane da yawa ke ɗauke da ita ba ta yi musu komai sai garkuwa ta faɗi.

A nan kam an yi bincike a inda ciwon yake. An gudanar da wani gwaji a kan mutum 334 a Kenya da Malawi da Yuganda da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu da Barazil, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2020. An gwama magunguna iri uku ne tare da na ƙanjamau, biyu masu araha da aka saba da su da kuma ɗaya mai suna fakilitasel da ake sawa ta ƙarin ruwa. Fatan masu binciken shi ne masu arahar su kamo shi ko su yi kusa, amma sai ya tsere musu da tazarar da ta sa aka dakatar da ba da sauran biyun tun gwajin bai ƙare ba.

Waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, aikin da ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tun 2002, su ma suna cikin haɗarin dajin Kaposi da sauran dajin fata, domin maganin danne garkuwa za su sha muddin rai. Ko ƙazwa ma sauya kama take yi a jikin mai rauni. Mai lafiya yakan ɗauki ƙwarinta 10 zuwa 15 ne kawai, amma mai raunin garkuwa yana iya ɗaukar dubbai har miliyoyi, fatarsa ta yi ɓawo mai kauri wanda ke kama da soriyasis matuƙa. Likitocin Norwe ne suka fara siffanta wannan nau'i a 1848 a jikin kutare.

Kamannin nan biyu suna da haɗari, domin man shafawa mai ƙarfi da ke kwantar da soriyasis shi ne ke ƙara wa ƙazwa da makero bunƙasa. Irin wannan mai kuwa, wanda ya kamata a ce sai da takardar likita, ana samunsa a kemis da kasuwanni, har ana zuba shi cikin man bilicin. Yawan shafa shi yana sirantar da fata, kuma mai soriyasis da ya saba da shan ƙwayoyi ko allurar wannan sinadari, in ya daina kwatsam, ciwon yana iya dawowa da ƙuraje masu ruwa da zazzaɓi har sai an kwantar da shi. Abin da likitan fata ke yi don rarrabewa ba shi da wuya: yakan kankaro ɗan ɓawon ya duba a madubin likita, in kuma da shakka ya yanki ɗan ƙaramin yanki na fatar ya aika ɗakin gwaji, sa'an nan ya nemi a yi gwajin ƙanjamau ga duk wanda ciwon ya afka masa farat ɗaya da tsanani.