Ɗumin ɗaki a lokacin hunturu: a bar wa hayaƙi hanyar fita

Hunturu ya sake kamawa. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba ba ya barin yara da tsofaffi su yi barci. A zagayen da muke yi gida-gida tare da jami'ar kariya, muna ganin yadda ake toshe kowace kafa ta ɗaki da tsumma ko leda, sannan a shigar da kaskon gawayi ko a kunna murhun gas domin a samu ɗumi. Mun san dalili, ba wanda yake so ya ji ɗansa yana rawar ɗari. Amma wuta a rufaffen ɗaki tana iya kashe mutanen gida gaba ɗaya a dare guda, ba tare da ta ƙona ko da tabarma ba. Shi ya sa muka ware wannan shafi domin bayani.

Mene ne yake kisan?

Kowace wuta tana cin iska kamar yadda mutum yake shaƙarta. Idan iska ta wadata, gas yana ƙonewa sosai. Idan ɗaki a rufe yake, iskar tana raguwa, sai wutar ta fara fitar da wata guba da likitoci suke kira kabon monoksaid. Wannan guba ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Hayaƙin itace yana yi wa mutum gargaɗi domin yana yaji a ido, ita kuwa ba a jin shigarta.

Idan aka shaƙe ta, sai ta kama jini ta hana shi ɗaukar iska mai kyau zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Ƙarfin kamunta ga jini ya ninka na iska mai kyau fiye da sau 200. Mai barci ba ya farkawa, barcin ne yake ƙara nauyi har ya zarce.

Mutane da yawa suna cewa idan gawayi ya yi ja ya daina hayaƙi, to babu sauran haɗari. Ba haka ba ne. Garwashi yana ci gaba da fitar da gubar har sai ya mutu ya zama toka mai sanyi.

Alamomin da za a lura da su

Alamar farko ita ce ciwon kai, sai jiri, tashin zuciya ko amai, kasala, da jin barci mai nauyi. Idan abin ya yi nisa, mutum yana ruɗewa, ƙafafunsa su ƙi ɗaukarsa, ya suma. Sau da yawa ana ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko abinci ne ya ɓata ciki. Ga yadda za a bambance: wannan guba ba ta sa jiki zafi, tana kama mutane da dama a ɗaki ɗaya lokaci guda, kuma ana jin sauƙi idan aka fita waje. Idan ku uku ko huɗu kuka tashi da ciwon kai bayan kun kwana da wuta, to ku zargi wutar.

Jarirai, mata masu ciki, tsofaffi, masu ciwon zuciya da masu sikila su ne take saurin kayarwa. Muna roƙon iyayenmu mata masu kula da mai jego su lura da wannan sosai. Idan za a gasa mata jiki, a bar ƙofa a buɗe, wani ya zauna kusa, kuma a fitar da wutar kafin ita da jaririn su yi barci.

Hanyar shiga da hanyar fita

Duk ɗakin da ake kunna wuta a ciki yana bukatar kafa biyu. Ɗaya a ƙasa, kamar ƙarƙashin ƙofa, inda sabuwar iska za ta shigo. Ɗaya a sama kusa da rufi, a ɗaya ɓangaren ɗakin, inda iska mai zafi za ta fita da gubar. Kafa ɗaya ba ta isa ba. Wannan ya shafi ɗakin tamfol da ɗakin ƙasa mai rufin kwano, kuma ɗakin da aka yaɓe shi da kyau ya fi riƙe gubar.

Murhun gas na girki ne. Kada a bar shi a kunne domin ɗumama ɗaki. A duba launin wutarsa: shuɗiya ita ce mai kyau. Idan ta koma rawaya ko ja, ko tana baƙanta gindin tukunya, to ba ta ƙonewa daidai. A kashe, a bari ya huce, a share ƙurar hunturu daga ramukan kan murhun. Idan bai gyaru ba, a kai wa mai gyara.

Wanda yake da na'urar ɗumama ɗaki mai bututun hayaƙi, a gida ko a shago, ya tabbata bututun ya fita waje har ya wuce saman rufi. Ya riƙa hawa sama, kada ya sunkuyo ƙasa, kada kuma bakinsa ya kasance kusa da taga ko ƙofar maƙwabci. A duba mahaɗansa ko akwai tsaga ko tsatsa, a leƙa ciki ko tsuntsu ya yi sheƙa. Kada bututu mai zafi ya taɓa tamfol, zana ko itacen rufi. Na'urar da ba ta da bututu kuwa, duk abin da ta fitar a cikin ɗakin yake zama, saboda haka ba a kwana da ita a kunne.

Injin janareto na masu cajin waya shi ma yana fitar da wannan guba. Wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga.

Yoyon gas daban ne

Warin da kuke ji daga tukunyar gas an zuba shi ne da gangan domin a gane yoyo. Gas ɗin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, daidai inda yara suke barci. Idan kun ji warin, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. A rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa, kowa ya fita. Da ruwan sabulu ake gwada tiyo da mahaɗinsa. Inda ya yi kumfa, nan ne yoyon yake. Tukunyar ta zauna a tsaye kullum, nesa da wuta.

Idan abin ya faru

A buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje nan take, kuma mai ceto kada ya daɗe a ciki. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa. Kada a ɗura masa madara, manja ko ruwa, zai iya shaƙewa, kuma ba sa cire gubar. A gaggauta kai shi gidan likita, a faɗa musu da wuta aka kwana, domin maganin shi ne iskar oksijin. Ko mutum ya farfaɗo, a kai shi a duba, musamman mai ciki, saboda gubar tana taɓa ɗan da ke cikinta ko da ita ta ji sauƙi.

A ɗumama ɗaki da wuri tun ana hira, sannan a fitar da kasko, a kashe gas, a bari iska ta ratsa kafin a rufe ƙofa. A ƙara wa yara riga da hula, a shimfiɗa buhu ko kwali ƙarƙashin tabarma. Iyalin da ba su da isasshen bargo su sanar da shugaban unguwarsu ko su zo ofishin kariya mu rubuta. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi.

Allah Ya tsare mu, Ya fitar da mu hunturu lafiya.